Gidan Horo: Tarihin Rayuwar 'Yan Kokawar Sumo a Ƙasar Japan

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ganin hoton 'yan kokawar sumo na ƙasar Japan, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne girman jikinsu. Ƙattai ne tiƙa-tiƙa, daga su sai bante, gashin kansu a ɗaure kamar tukku. Idan biyu suka kara, sau da yawa kafin ɗan kallo ya gyara zama har an yi kaye an gama. Wannan ya sa mutane da yawa suke zaton sana'ar ba ta wuce ci da barci ba. A cikin wannan ɗan rubutu ina so in nuna cewa al'amarin ya wuce nan. Zan bi diddigin gidan da ake renon waɗannan mutane, wanda Japanawa ke kira heya, in faɗi yadda ya samo asali, da yadda ake wuni a cikinsa, da kuma abin da yake ci a jikin waɗanda suka shige shi. Dalilina kuwa shi ne, a ganina, wanda bai fahimci gidan horo ba, bai fahimci sumo ba.

Asalin Kokawar

Ƙa'idar wasan ba ta da wuyar ganewa. Ana karawa ne a cikin wata da'ira mai faɗin mita 4.55, a bisa daɓen yumɓu, wadda aka yi wa iyaka da ƙananan dammunan karan shinkafa. Wanda ya fara fita daga da'irar, ko kuwa wani sashe na jikinsa ban da tafin ƙafa ya taɓa ƙasa, ya sha kaye. Ba a raba 'yan kokawa bisa nauyi, saboda haka mai kilo 110 yana iya haɗuwa da mai kilo 200. Nan ne amfanin ƙiba ya fito fili.

Japanawa suna danganta sumo da zamanin da tarihi ya gauraya da tatsuniya. Littafin tarihinsu mai suna Nihon Shoki, wanda aka kammala a shekarar 720, ya kawo labarin karawar Nomi no Sukune da Taima no Kehaya a gaban Sarki Suinin, inda na farkon ya kashe abokin karawarsa da hauri. Daga baya kokawa ta zama bikin fada na shekara-shekara, ana tattaro ƙarfafa daga larduna su kara a gaban sarki, ana kuma haɗa abin da roƙon damina mai albarka bisa addininsu na Shinto. An yi wannan biki na ƙarshe a 1174. Da mulki ya koma hannun mayaƙa, sai sumo ta zama hanyar horar da barade. A 1578 shahararren jarumin nan Oda Nobunaga ya tara 'yan kokawa kimanin 1,500 a Azuchi, ya ɗauki gwanayen cikinsu aiki. To, amma duk a wannan lokaci ba a san da gidan horo irin na yau ba.

Yadda Gidan Horo Ya Kafu

Gidan horo ɗan zamanin Edo ne, watau daga 1603 zuwa 1868, lokacin da zuriyar Tokugawa suka riƙe ƙasar cikin zaman lafiya. Da yaƙe-yaƙe suka ƙare, mayaƙa da yawa suka rasa iyayen gida, wasunsu suka koma yin kokawa a kan titi don neman abin kai wa baka. An kuma riƙa shirya wasanni don tara kuɗin gina wuraren bauta da gadoji. Sai dai wuraren nan sun zama matattarar faɗace-faɗace, har ta kai hukumar birnin Edo, wanda shi ne Tokyo ta yau, ta hana abin a 1648. Sai a 1684 aka sake ba da izini, aka yi wasa a harabar wurin bautar Tomioka Hachiman.

Ina so mai karatu ya lura da sharaɗin wannan izini, domin shi ne tushen komai. Hukuma ba ta yarda da taron ƙarti marasa mafaɗi ba. Tana bukatar mutanen da za ta kama idan rigima ta tashi. Saboda haka tsofaffin 'yan kokawa da suka yi murabus suka zama su ne masu shirya wasa, su ne kuma masu lamunin yaran da ke karawa. Kowane dattijo ya tara almajiransa a gidansa, yana ciyar da su, yana koya musu, yana kuma tsawata musu. A cikin ƙarni na 18 wannan tsari ya zauna daram. Ke nan gidan horo ya tashi ne a kan bukatu biyu: koyar da sana'a da kuma tsare matasa kada su gagari hukuma.

A wancan zamani gwanayen 'yan kokawa sukan sami gata wajen sarakunan larduna, waɗanda kan ba su albashi da matsayin barade. Raiden Tameemon, ɗan manomi ne da aka haifa a 1767, ya shiga inuwar sarkin Matsue, ya yi nasara sau 254 ya sha kaye sau 10 kacal kafin ya yi murabus a 1811. A 1789 ne aka fara ba wa 'yan kokawa biyu, Tanikaze da Onogawa, izinin ɗaura farar igiyar nan da ake kira yokozuna, wadda daga baya ta zama sunan muƙami mafi girma.

Juyin da aka yi a 1868 ya kusa kai sumo ƙasa. Sarakunan larduna suka rasa ikonsu, 'yan kokawa suka rasa masu ɗaukar nauyinsu, 'yan boko kuma suka riƙa kallon kokawar tsirara a matsayin abin kunya a idon Turawa. A 1871 aka fitar da dokar da ta sa maza suka aske tukkunsu, amma aka ƙyale 'yan kokawa da nasu. Shi ya sa har yau su kaɗai ke yawo da irin gyaran gashin mutanen Edo. Martabar wasan ta farfaɗo bayan da Sarki Meiji ya halarci wata gasa a 1884, sa'an nan a 1909 aka buɗe babban zauren Kokugikan a unguwar Ryogoku ta Tokyo, unguwar da har gobe take da gidajen horo masu yawa.

Kada a ɗauka 'yan kokawa sun riƙa haɗiye duk abin da aka ba su. Sun yi yajin aiki a 1911 a kan kuɗin da ake biyansu, sun sake yi a 1923 a kan kuɗin sallama. A 1932 wani mai suna Tenryu ya jagoranci 'yan kokawa 32 suka kulle kansu a wani gidan cin abinci suna neman a gyara yadda dattawa ke sarrafa dukiyar ƙungiya. Ba a biya musu bukata a lokacin ba, da yawansu suka fice. Sai a 1957, bayan majalisar dokokin ƙasar ta tuhumi Ƙungiyar Sumo, aka fara biyan manyan 'yan kokawa albashin wata-wata, aka kuma buɗe makarantar sababbin shiga. Daga 1958 aka tsayar da gasa 6 a shekara, kowace ta kwana 15: uku a Tokyo, ɗaya a Osaka, ɗaya a Nagoya, ɗaya a Fukuoka.

Shiga Gida

A yau akwai gidajen horo 40 da 'yan kai. Kowanne yana ƙarƙashin maigida, wanda ake kira oyakata, tsohon ɗan kokawa ne da ya mallaki ɗaya daga cikin sunayen dattawa 105 da ƙungiya ta amince da su. Matarsa, wadda ake kira okamisan, ita ce uwar gida gaba ɗaya: ita ke kula da lissafin kuɗi, da baƙi, da lallashin yaran da kewar gida ta dama.

Bisa al'ada yaro yakan shigo yana ɗan shekara 15, da zarar ya gama karatun dole. A da akwai sharaɗin tsawo da nauyi mai tsanani. A 1990 wani mai suna Mainoumi, da ya ga bai kai santimita 173 da ake nema ba, sai da ya sa likita ya cusa masa wani abu a ƙarƙashin fatar kansa don ya ƙara tsawo, kuma ya zo ya yi suna ƙwarai. A 2024 an sassauta wannan sharaɗi saboda ƙarancin masu shigowa. Sabon shiga yakan yi wata 6 yana zuwa makarantar ƙungiya, inda ake koya masa tushen kokawa, da tarihinta, da rubutun hannu, da waƙoƙin gargajiya na 'yan kokawa. Ana kuma ba shi sunan fage wanda za a san shi da shi.

Abu ɗaya da ya kamata a riƙe shi ne, wanda ya shiga gida ya shiga ke nan. Ba shi da ikon komawa wani gida don ya ga maigidansa bai yi masa ba, sai fa idan gidan ne ya rushe ko ya rabu. Idan kuwa ya yi murabus, ba ya dawowa.

Wuni Guda a Gidan Horo

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A galibin gidaje ƙananan yara ne ke fara tashi, wajen ƙarfe 5 ko 6 na asuba. Su share fage, su ɗaura bante, su fara motsa jiki ba tare da sun sa komai a ciki ba. Manya sukan fito daga baya, wajen ƙarfe 8, su tarar jikin yara ya riga ya yi laushi.

Tushen horon abubuwa huɗu ne. Na farko shi ne shiko, watau mutum ya buɗe ƙafafu ya durƙusa, ya ɗaga ƙafa ɗaya sama iyakar iyawarsa ya buga ta ƙasa, sa'an nan ya ɗaga ɗayar. Ana yin wannan sau ɗaruruwa a kowace safiya don ƙarfafa cinya da ƙugu. Na biyu shi ne teppo, dukan wani ginshiƙin katako da tafin hannu, dama da hagu. Na uku shi ne suriashi, tafiya a durƙushe ana jan ƙafa ba tare da an ɗaga ta daga ƙasa ba, domin wanda ya ɗaga ƙafa a fage ya ba da kansa. Na huɗu shi ne matawari, a zauna a baje ƙafafu har su miƙe sarai, a kwantar da ƙirji a ƙasa. Wannan shi ne ya fi sa sababbin shiga hawaye, don kuwa idan yaro ya kasa, wani babba ne zai danne masa baya.

Bayan haka sai karawa. Wani lokaci wanda ya yi kaye shi ke tsayawa a fage ya zaɓi wanda zai biyo baya, wani lokaci kuma mutum biyu su yi ta karawa har ƙarfinsu ya ƙare. A ƙarshe sai butsukari: babba ya tsaya ya ba da ƙirjinsa, yaro ya rugo ya ture shi daga wannan gefe zuwa wancan, in ya gaza a mirgina shi a ƙasa, ya tashi ya sake, har numfashinsa ya nemi ɗaukewa. Maigida yana zaune a gefe yana kallo, ba mai yin magana sai shi.

Wajen ƙarfe 11 ake tashi. Daga nan komai bisa muƙami yake tafiya. Manya ke fara wanka, yara na cuɗa musu baya. Manya ke fara zama cin abinci, yara na tsaye a bayansu suna zuba musu shinkafa. Abincin nasu ana kiransa chanko, wani romo ne da ake dafawa a babbar tukunya da nama ko kifi, da ganyaye, da awara, 'yan kokawar da kansu ke dafa shi bi da bi. A lokacin gasa sun fi son kaza, wai don tana tsayawa da ƙafa biyu, alhali dabba mai ƙafa huɗu tana kama da wanda aka kayar. Kafin layi ya zo kan ƙaramin yaro, sau da yawa tsokar ta ƙare sai ruwan romo. Bayan an ci sai barcin rana. Wannan tsari na horo da yunwa, sa'an nan cin abinci mai yawa, sa'an nan barci, shi ne sirrin ƙibar. Da la'asar yara su koma shara da wanki da cefane da aike, a ci abincin dare, su kwanta gaba ɗaya a babban ɗaki guda.

Tsanin Muƙami

Rukunan sumo guda 6 ne. Na sama, makuuchi, yana da mutum 42, mai bi masa, juryo, yana da 28. Waɗannan mutum 70 su ake kira sekitori, kuma su kaɗai ne ake ɗauka cikakkun 'yan kokawa. Sauran ɗaruruwan da ke rukunai huɗu na ƙasa duk almajirai ne a idon ƙungiya, ko da mutum ya shekara 20 yana yi.

Bambancin da ke tsakaninsu kamar na sama da ƙasa ne. Bisa tsarin da aka fara a 2019, yokozuna yana karɓar yen miliyan 3 a wata, ɗan juryo kuma yen miliyan 1.1. Wanda ke rukunin da ke ƙasa da juryo ba shi da albashi sam, sai ɗan alawus na yen 165,000 a kowace gasa, watau sau ɗaya a wata biyu, na can ƙasa kuwa yen 77,000. Sekitori yana da ɗakinsa shi kaɗai, yana iya yin aure ya koma gidansa, yana ɗaura farin bante a wajen horo da na siliki a wajen gasa, ana yi masa gyaran gashi na musamman, ana kuma ba shi yara masu yi masa hidima. Na ƙasa kuwa baƙin bante ne nasa, kuma 'yan rukunai biyu na ƙarshe riga ɗaya ta auduga da takalman katako suke sawa ko a tsakiyar hunturu. Da mutum ya ga tufar ɗan kokawa a titi ya san matsayinsa.

Hawa da sauka kuwa ba ruwansu da alfarma. Sekitori yana karawa sau 15 a gasa, in ya ci 8 ya hau, in ya gaza ya sauka. Na ƙasa sau 7 suke karawa. Wanda ya ji ciwo ya kasa fitowa, ana lissafa masa kamar ya sha kaye. Labarin Terunofuji, ɗan asalin Mongoliya, ya isa misali. Ya kai muƙamin ozeki, na biyu a daraja, sai ciwon gwiwa da ciwon sukari suka sauko da shi har rukuni na biyu daga ƙasa a 2019, ya koma ba albashi. Ya daure ya sake hawa, ya zama yokozuna a 2021, ya yi murabus a 2025. Yokozuna kaɗai ne ba a saukarwa, amma idan ƙarfinsa ya ja baya ana sa ran ya ajiye da kansa.

Baƙi a Gidan Horo

Tun daga 1972, lokacin da Takamiyama ɗan tsibirin Hawayi ya zama baƙo na farko da ya ci babbar gasa, baƙi suka yi ta shigowa. Akebono, shi ma daga Hawayi, ya zama yokozuna a 1993. Bayansu 'yan Mongoliya suka mamaye fage, har Hakuho ya ci gasa 45, abin da ba wanda ya taɓa yi. Tun 2002 ƙungiya ta taƙaita baƙi zuwa mutum ɗaya a kowane gida. Baƙo dole ya koyi harshe, ya ci abin da ake ci, ya yi bauta kamar kowa.

Daga nahiyarmu ta Afirka mutum na farko shi ne wani Bamisire da aka raɗa wa suna Osunaarashi, ma'ana babbar guguwar rairayi. Ya shiga a 2012, ya kai rukunin sama a 2013. Musulmi ne, kuma a 2014 gasar Nagoya ta faɗo cikin watan azumi, ya kayar da yokozuna biyu yana ɗauke da azuminsa. Sai dai ƙarshensa bai yi daɗi ba. An hana 'yan kokawa tuƙa mota, shi kuwa ya yi haɗari a 2018 yana tuƙi ba lasisi, aka sa shi ya yi murabus.

Abin da Gidan Yake Ci

Tsarin da ya ba maigida da manyan almajirai iko marar iyaka a bayan rufaffiyar ƙofa ba zai rasa ɓarna ba. An daɗe ana dukan yara da sandar gora da sunan tarbiyya. A 2007 wani yaro ɗan shekara 17 ya mutu a gidan Tokitsukaze bayan dukan da aka yi masa saboda ya yi yunƙurin gudu. Aka kori maigidan, kotu kuma ta ɗaure shi. A 2011 aka soke gasar Osaka bayan an gano wasu suna sayar da karawa, kuma akasarinsu 'yan juryo ne da na kusa da su, watau waɗanda ke bakin iyakar albashi da rashinsa. A 2017 yokozuna Harumafuji ya yi murabus bayan ya fasa wa wani ƙaramin ɗan kokawa kai. A 2024 aka rufe gidan da Hakuho ke jagoranta saboda wani almajirinsa yana cin zalin na ƙasa da shi.

Jiki ma yana biyan nasa bashin. Ciwon gwiwa, da ciwon sukari, da hawan jini sun zama abokan sana'ar. Manyan yokozuna irin su Kitanoumi ya rasu yana da shekara 62 a 2015, Chiyonofuji yana da 61 a 2016, Akebono yana da 54 a 2024, a ƙasar da maza kan wuce shekara 80. Wanda ya yi murabus ana yi masa bikin yanke tukku, kowa ya zo ya sa almakashi, maigida ya yi yankan ƙarshe. In yana cikin 'yan ƙalilan da suka sami sunan dattijo, ya zauna a ƙungiya. Sauran kuwa su fita duniya da shekara 30 ko fiye, da ƙaramin ilmi, da yawansu su buɗe gidan sayar da chanko ko su nemi aikin kula da tsofaffi.

Kammalawa

A 1994 yawan 'yan kokawa ya kai 943. Zuwa 2024 ya faɗo ƙasa da 600. Haihuwa ta ragu a Japan, iyaye kuma ba sa son miƙa ɗan shekara 15 ga irin wannan rayuwa. Masu tasowa yanzu da yawansu daga jami'a suke fitowa, kamar Onosato wanda ya zama yokozuna na 75 a 2025 bayan gasa 13 kacal. Zauren Kokugikan yana cika da 'yan kallo, amma babban ɗakin kwanan yara yana raguwa.

A ganina, gidan horo ya yi wa sumo abin da babu wata hukuma da za ta iya yi mata. Shi ya riƙe tukku da bante da ladabin fage fiye da shekara 300, ya tsallake da su rushewar sarakunan larduna da yaƙin duniya. Amma kamar yadda muka gani, an gina shi ne a zamanin da ake ganin yaro mallakar ubangidansa ne, kuma duk gyaran da aka samu, daga albashin 1957 zuwa hana duka bayan 2007, sai da aka yi tawaye ko aka yi asarar rai kafin ya zo. Tambayar da ke gaban dattawan ƙungiya a yau ita ce ko za su iya raba horo da zalunci, su ba almajiri albashi da magani da hanyar kai kuka, ba tare da sun rushe gidan ba. Tambaya ce da ta shafi duk al'ummar da ke da sana'ar gado wadda ake koyo a hannun maigida, don haka na ga ya dace mu masu nazarin al'adu mu sa ido mu ga yadda Japanawa za su amsa ta.